Lambar waya ɗaya, yini guda

Laraba, Abuja.

Tun a motar Kubwa nake lissafin aikin yau ba zai ci minti talatin ba. Wani tsohon shafin intanet ne da muka yi wa wani Alhaji mai sayar da kayan gini shekara huɗu da suka wuce, jiya ya kira ya ce a canja masa lambar waya da farashin siminti. Har na yi wa cikina alkawarin masa da miya kafin azahar.

Na sauke aikin a sabuwar kwamfutata, na buga npm install, umarnin da ke jawo manhajojin da aikin ya dogara da su daga intanet. Minti ashirin ana jan kaya, foldar node_modules, inda kayan ke sauka, ta kumbura ta kai ɗaruruwan megabait, don shafin da bai wuce fuska biyar ba. Na ce a gina, wato a harhaɗa fayilolin su zama shafin da za a ɗora. Sai jan rubutun kuskure ya cika allo: ERR_OSSL_EVP_UNSUPPORTED.

Abin haushin, ba wanda ya taɓa aikin nan, ƙasar da yake tsaye a kanta ce ta gusa. Da Create React App, wani kayan aikin haɗa shafuka, muka haɗa shi, a ƙarƙashinsa Webpack 4 ne mai harhaɗa fayiloli, shi kuwa da wani tsohon lissafi mai suna MD4 yake yi wa fayilolin hatimi. Duk kayan nan a kan manhajar Node suke gudana, kuma tun Node 17 da ta fito a 2021 aka koma kayan tsaro na OpenSSL 3, wanda ya rufe wa MD4 ƙofa. Ni kuma Node 20 ce a kwamfutata.

Ɗan bautar ƙasar da ke zaune kusa da ni ya leƙo. "Oga, wa ke amfani da Create React App yanzu? Masu shi ma sun sallame shi tun Fabrairun 2025. Mu koma Vite kawai, kafin ka ƙifta ido ya tashi." Gaskiya ya faɗa, Vite sabon kayan gina shafi ne, ni ma na daɗe ina kwaɗayin abin. Kwaɗayi kuwa mabuɗin wahala.

Muka fara. A fito da index.html zuwa bakin folda. Duk inda aka rubuta process.env.REACT_APP_ a mai da shi import.meta.env.VITE_. Duk fayil mai JSX (salon rubuta fuskar shafi a React) a ciki a canja masa wutsiya daga .js zuwa .jsx, ɗaya bayan ɗaya, kamar tsintar tsakuwa a shinkafa. Muna cikin sake jan kaya aka ɗauke wuta. Kafin maigadi ya tada janareta intanet ɗin ofis ya mutu, saukewar ta katse a tsakiya. Na goge node_modules, na kunna datar wayata, na sake daga farko. Datar da na saya don ta kai ni ƙarshen wata.

Nan ne raina ya fi ɓaci. Duk shawarar da za ka samu ita ce ka goge komai ka sake saukewa. Mai ba da ita yana zaune inda wuta ba ta ƙiftawa, intanet kuma ba a auna masa shi da cokali. Wurinmu kowace gogewa kuɗi ce.

Bayan azahar shafin ya tashi a kwamfutata, da sauri kuwa, ɗan bautar ƙasa har da tafi. Muka gina na ɗorawa a intanet, muka buɗe: fari fat, ko harafi babu. Sigar Vite da muka sa masu harhaɗa fayiloli biyu gare ta, esbuild lokacin gwaji, Rollup kuma lokacin ginin ƙarshe, su biyun ba sa ɗaukar kaya masu require, tsohon salon kiran wani fayil, iri ɗaya. Wata tsohuwar manhajar jera hotuna da muka cusa tun farko ce ta ƙi.

Babban oganmu, wanda ya fara da yaren kwamfuta na C tun muna firamare, ya tsaya a kanmu yana dariya. Ya ce wahalar nan ta girme mu duka: Stuart Feldman ya rubuta Make, wata manhajar gini, a cibiyar bincike ta Bell Labs a 1976, kuma har yau idan ka sa sarari a fayil ɗinta inda ake son tab, gini ya tsaya. Sai ya tambaye ni, "Malam, me Alhaji ya ce a yi masa?" Na yi shiru.

Da la'asar na mai da komai yadda yake da git, mai ajiye tarihin aiki, na sa Node 16 ta hanyar nvm, mai sauya sigar Node, na ajiye fayil ɗin .nvmrc mai nuna sigar don wanda zai zo bayana. Minti biyu ya ginu. Na canja lambar waya, na canja farashi, na ɗora. Aikin Vite yana nan a wani reshe na git, yaron ya ce shi zai ƙarasa, na ce Allah ya ba da sa'a, amma da datarsa.

Masa dai ban ci ba. Ina Dutse Junction a hanyar gida saƙon Alhaji ya shigo, wai siminti ya sake tashi da yamman nan.