Yinin da na yi a Eyam, ƙauyen da ya kulle kansa

Tun a tashar Sheffield da ke Ingila na fara kwafsawa. Na ce wa direban bas zan sauka a "Iyam", ya yi murmushi ya ce "Iim" ake cewa. Takalmin fita unguwa kuma na saka, alhali Derbyshire, yankin da Eyam yake, ƙasar tuddai ce da taɓo.

Labarin annoba ne ya kai ni. A 1665 aka aiko wa wani tela ƙunshin yadi daga Landan, ashe da ƙuma masu ɗauke da cutar a ciki. George Viccars, wanda ya kwance ƙunshin, shi ya fara mutuwa. Da abin ya tsananta a 1666, limamin cocin, William Mompesson, ya shawo kan mutane suka amince ba mai shiga, ba mai fita. Kimanin mutum 260 suka mutu, har da matarsa Catherine. Ina karanta wannan sai hadisin nan ya faɗo mini, wanda ya hana shiga garin da annoba ta ɓulla, ya kuma hana fita daga cikinsa.

Wurin da na fi daɗewa shi ne dutsen iyaka, a hanyar Stoney Middleton, ƙauyen da ke maƙwabtaka da Eyam. An huda ramuka a jikinsa, nan mutanen Eyam suke zuba ruwan tsami a lokacin annobar su jefa kuɗi a ciki don gudun yaɗa cutar, maƙwabta su ajiye musu abinci su koma. Na sa yatsa a ramin, ruwan sama ne kawai a ciki. Daga nan na haura gonar Riley, inda Elizabeth Hancock ta binne mijinta da 'ya'yanta shida cikin kwana takwas.

Na so in manta cewa Eyam gari ne mai rai. Gidajen da aka liƙa wa allunan sunayen mamata, har yau da mutane a ciki. Na ɗaga waya zan ɗauki hoton wata taga, sai muka haɗa ido da wata tsohuwa tana shan shayi. Kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

Akwai kanti, makarantar firamare, wuraren shan shayi da ɗan gidan tarihi. Bas kam ba ya zuwa a kai a kai, ni kuma ban duba lokacin na komawa ba, ya wuce ni. A gindin wata katangar duwatsu na shimfiɗa rigar sanyina na yi la'asar, tumaki sun tsaya suna kallona.