Abin da jijiyar fiffike ta koya mini a lambunan Ojo

Ilimin noma nake koyarwa a wata sakandare da ke Agege, kuma neman abin da zan nuna wa ɗalibai ido da ido a darasin ƙwarin da ke taimakon manomi shi ya sa na fara tara ƙwari masu fiffiken raga ruwan ƙasa, dangin da masanin ƙwari Bafaranshe Latreille ya raɗa wa suna Hemerobiidae a 1802. Ƙanana ne ƙwarai, galibinsu fiffikensu bai wuce santimita ɗaya ba, amma manyansu da tsutsotsinsu duk mafarauta ne, kuma darɓa ce babban abincinsu.

A lambunan da mutanenmu ke noman latas da alayyafo a gefen hanyar Iba, can yankin Ojo, na yi yawancin aikin. Bayan sallar isha'i nakan rataya farin ƙyalle in haska shi da fitila mai caji, da safe kuma in buɗe laima in riƙe ta a birkice ƙarƙashin reshen mangwaro ko lemo in girgiza. Dabarar safiya ta fi ba ni, domin idan aka firgita su sai su saki reshe su faɗo, su kwanta a gefe ɗaya shiru kamar sun mutu. Dattijon da nake shiga lambunsa ya taɓa leƙa cikin laimar ya ce, "Malam, wannan ai irin masu cinye mana ganye ne." Na ce, "A'a Baba, wannan ma'aikacinka ne, feshin da ake yi ba ƙaƙƙautawa shi ke kashe maka shi." Bai yarda ba sai da ya ga tsutsar da idonsa tana tafe tana kaɗa kai dama da hagu, ta soke darɓa ta tsotse ta.

Darasin farko shi ne kala ba abin dogaro ba ce. Danginsu na kusa, wato Chrysopidae, kore ne kuma sun fi girma, sai mutum ya ɗauka rarrabewar mai sauƙi ce, alhali jinsin Notiobiella, wanda ake samu a Afirka, yana cikin dangin ruwan ƙasa amma da yawansa koraye ne. Sai an sa gilashin ƙara girma a kan fiffiken gaba sannan gaskiya ke fitowa. A bakin fiffiken akwai gajerun jijiyoyi a jere, waɗanda a dangin ruwan ƙasa da yawansu sukan rabu biyu kafin su kai gefe, a Chrysopidae kuwa miƙe suke. A dangin ruwan ƙasa kuma, daga babbar jijiyar da ke bin tsawon fiffike rassa biyu ko fiye suke fitowa, ga gashi a ko'ina. A gindin fiffiken jinsin Hemerobius akwai wata 'yar jijiya da ke lanƙwashewa ta koma baya, wadda jinsin Micromus ba shi da ita, kuma da rashinta na gane cewa yawancin abin da nake kamawa Micromus ne. Ƙwai ma shaida ne, domin Chrysopidae sukan ɗora nasu a kan siririn zare, 'yan dangin ruwan ƙasa kuwa a jikin ganye suke manna shi.

Dangin ya ƙunshi nau'i sama da 500 a cikin jinsi kusan 30, kuma ana samunsu a kowace nahiya in ban da Antatika. Masanin ƙwari John Oswald ne ya yi bitar dukkan jinsunan duniya a 1993 ya kasa su reshe-reshe, tsarin da har yau a kansa ake gini, inda ake lissafa rassa kimanin 10. Akwai Drepanepteryx na Turai mai kama da busasshen ganye, akwai kuma wasu Micromus a tsibiran Hawai da suka daina tashi sam.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne, jijiyoyin nan da nake ƙirgawa a kan teburi su ne masu binciken halittun da suka shuɗe suke karantawa, saboda sau da yawa fiffike kaɗai dutse ke adanawa. Mafi tsufan da aka sani shi ne Promegalomus, daga duwatsun Karatau a Kazakistan, wanda ya haura shekara miliyan 150. Bayansa akwai Cretomerobius daga Mongoliya, sannan waɗanda suka maƙale a cikin ƙaron itace da ya sandare, wasu a Myanmar mai shekara miliyan 99, wasu a gaɓar Tekun Baltik mai kimanin miliyan 40. A irin wannan ƙaro na Jamhuriyar Dominika Oswald ya bayyana wani Notiobiella a 1999, wato jinsin da ke raye har yanzu.

Sai dai jijiya ma tana da iyaka. Wani bincike da aka buga a 2016, wanda ya haɗa siffar jiki da ƙwayoyin gado, ya nuna cewa raguwar jijiyoyi ta auku sau da dama a rassan dangin dabam-dabam, don haka ƙwari biyu na iya kama da juna a fiffike ba tare da kusancin dangantaka ba. A ganina wannan ya isa ya sa a yi taka-tsantsan da duk sunan da aka ba halittar da fiffike ɗaya tak ta bari a dutse. Ni ma iyakar inda jijiya ke kai ni shi ne jinsi, nau'i kuwa sai an duba ƙarshen cikin namiji a na'urar hangen ƙananan halittu. Shi ya sa nake zuba mazan a sifirit maimakon shanya su, tunda danshin Legas da kiyashi ba sa barin busasshen ƙwaro ya daɗe, kuma kowace kwalba nakan rubuta mata rana da wuri da itacen da na girgizo ƙwaron daga kansa.