Mayar da Littafin Yara Fim ɗin Barkwanci: Inda Aikin Yake Ɓaci

Mayar da littafi fim ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun 1976 Adamu Halilu ya yi fim ɗin Shaihu Umar, marubutan Kano ma sun yi ta yi da littattafansu na soyayya a shekarun 1990. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne fim ɗin dariya da aka ciro daga littafin yara, wanda uba da uwa da kaka za su kalla a tabarma ɗaya, ba mai sunkuyar da kai. Wannan giɓin yana damunmu, don yaranmu na can suna cika ciki da katun ɗin wasu.

Kafin a kama biro a nemi izini a rubuce. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya tana kare littafi har shekara 70 bayan rasuwar marubucinsa. Abubakar Imam ya rasu a 1981, ke nan Magana Jari Ce ba tsintuwa ba ce, ko da kowa ya karanta shi tun firamare.

Babban tarkon yana cikin rubutun. Dariyar littafi a bakin mai ba da labari take, kyamara kuwa ba ta da baki. Littafi zai ce kawu marowaci ne, layi ɗaya ya gama. A fim sai an ga kawun yana ƙirga ƙosai a kwano kafin ya tafi masallaci, ya dawo ya sake ƙirgawa. A nuna haka sau biyu har mai kallo ya saba, a karo na uku ya dawo ya tarar da akuya ta zura kai a kwanon. In aka sa wani ya tsaya yana bayanin rowar kawu, dariyar ta mutu. Shafi ɗaya na sikirif, wato rubutaccen tsarin fim, yakan ci kusan minti ɗaya, fim mai minti 90 shafi 90 ke nan, ba zai ɗauke littafin duka ba. A zaɓi yaro ɗaya da buƙatarsa ɗaya, yayye huɗu a haɗe su su zama biyu.

Salon camama, inda ɗan wasa ke ƙirƙiro magana nan take, ya karɓi marigayi Rabilu Musa Ibro saboda baiwarsa. Yaro ɗan shekara takwas ba zai iya ba. A ba shi gajerun jimloli, a yi gwaji da shi kamar wasa, kada a sa shi hadda, don in ya haddace sai ya riƙa rerawa kamar mai biya karatu.

Lokaci ma ciwon kai ne. Yaron Kano da safe yana boko, da yamma yana Islamiyya, sai dogon hutu, shi kuma a tsakiyar damina yake faɗowa, Agusta ruwa ba ƙaƙƙautawa. Fitowar waje a ɗauke ta da sassafe, a ajiye ta ɗaki don ranar hadari. Kada ɗaukar yaro ta wuce awa uku ko huɗu a yini, kuma mahaifi ko yayarsa na wurin. A gama duk fitowarsa cikin mako biyu ko uku: ɗan shekara shida zuwa bakwai yana famfara, in aka ja aiki wata uku sai a gan shi da haƙori a soro, ya shiga tsakar gida da giɓi. A roƙi iyaye kada a yi masa aski.

A sauke kyamara daidai idon yaro. Faɗuwa ko guje-guje a ɗauke su daga nesa a ɗauka ɗaya, yankawa na kashe su. Muryar yaro siririya ce, ƙarar adaidaita sahu da janareto na cinye ta, saboda haka a maƙala masa ƙaramar makirfo a riga, a kai janareto bayan gida da doguwar waya.

Wurin yankawa da haɗa hotuna a bar daƙiƙa biyu bayan kowane abin dariya, in ba haka ba shewar 'yan kallo za ta danne maganar da ke biye. Kafin a kai Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, a tara yara goma da iyayensu a kunna musu. Duk inda yaran suka fara tsokanar juna, a rubuta mintin, nan za a sa almakashi.