Godiya bayan taron horaswa kan gwajin masu famfon zuciya

Assalamu alaikum. Kwamitin hana yaɗuwar cuta na asibitinmu a nan Zariya yana miƙa godiya ga likitoci, ma'aikatan jinya da na ɗakin gwaji da suka halarci horon ranar Asabar. Allah ya saka da alheri.

Mutanenmu suna dawowa daga Indiya da Masar da na'urori a jiki, har da famfon da ke taya zuciya tura jini. Wayarsa tana fitowa ta fatar ciki zuwa batir, kuma ta wannan kafar ƙwayar cuta ke shiga. In ta manne wa wayar ta yi yauƙi, magani da ƙyar yake kai mata.

Godiya ta musamman ga 'yan'uwa ma'aikatan jinya da suka nuna ɗaukar samfur ranar da aka kwantar da majinyaci: auduga mai tsinke a hanci biyu, matsematsi da bakin wayar don neman MRSA (ƙwayar cutar Staphylococcus aureus mai bijire wa maganin methicillin), sai ta dubura don ƙwayoyin cuta masu bijire wa maganin carbapenem. A jiƙa audugar hanci da ruwan gishirin asibiti. Kafin sakamako ya fito, a keɓe majinyacin.

Malaman ɗakin gwaji kuwa sun sha aiki. Ana ɗora ƙwayar gwaji ta maganin cefoxitin mai maikirogiram 30 a kan Staphylococcus aureus da aka samu a samfurin, a ajiye a zafi digiri 35, awa 16 zuwa 18. In faɗin da'irar da ƙwayar cutar ta kasa tsirowa a kewayen maganin bai wuce milimita 21 ba, MRSA ce. Abin da ke ɓata mana aiki sananne ne: a ɗauke wuta da dare, ko a bar ƙwayoyin gwajin a wajen firji su rasa ƙarfi. Mun gode wa mai kula da janareta, shi ma cikin gwajin yake.

Wanda aka samu da MRSA a hanci ba tare da zazzaɓi ko mugunya ba, ɗauke da ita kawai yake. Kada a garzaya a ɗaura masa ruwan maganin vancomycin. Man mupirocin a hanci da sabulun chlorhexidine na kwana 5 ake ba shi.

Iyalan majinyata, mun gode da haƙurinku kan taƙaita 'yan dubiya. A ɗaure wayar kada ta riƙa jan fata, kuma in bandeji ya jiƙe da zufar bazara a canza shi nan take.