Boston College: taurari sun cika fili, kofi ya gagara sau biyu a hannun Denver

A kakar 2023-24 da ta 2024-25, da wuya a samu ƙungiyar hokin ƙanƙara ta jami'a a Amurka da ta tara matasa masu baiwa kamar Boston College (BC). Sau biyu ta shiga gasar NCAA, wato gasar ƙasa ta jami'o'in Amurka, tana ta ɗaya a ƙasa, sau biyun kuma jami'ar Denver ce ta sallame ta, da gola guda a raga, Matt Davis. A minti 120 na waɗannan wasanni biyu, ci ɗaya tal BC ta yi. Magoya baya da yawa sun ce rashin sa'a ne, an gamu da golan da tauraronsa ke haskawa. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ita ke nan ba. A ganina, salon da ya sa BC ta yi ta ragargazar ƙungiyoyi daga Oktoba zuwa Maris yana da wani rauni guda, kuma Denver ta san inda yake.

Ga wanda bai saba kallon wasan ba: mutum shida-shida ne a fili, gola ɗaya, 'yan baya biyu, 'yan gaba uku. Ana buga zango uku, kowane minti 20. Filin yana da tsawon ƙafa 200 da faɗin ƙafa 85 a yawancin wurare, shuɗayen layuka biyu sun raba shi gida uku, kuma dole fak, wato ɗan baƙin faifan robar da ake bugawa da sanda, ya riga ɗan wasa tsallake shuɗin layin abokan hamayya, in ba haka ba an yi satar gida. Raga ƙafa 6 ce a faɗi, ƙafa 4 a tsayi. Ɗan wasa ba ya wuce kamar daƙiƙa 40 zuwa 50 a fili kafin ya koma benci wani ya shigo, wasa kuma bai tsaya ba. Gasar ƙasa ƙungiyoyi 16 ne, wasa ɗaya ake yi, wanda ya faɗi ya tafi gida.

Koci Greg Brown ya karɓi ƙungiyar a 2022 bayan Jerry York ya yi ritaya, mutumin da ya kawo wa makarantar kofuna huɗu, a 2001, 2008, 2010 da 2012. A kakar Brown ta farko BC ba ta ma samu gurbi a gasar ƙasa ba. A ta biyu sai ga Will Smith, Ryan Leonard da Gabe Perreault sun iso tare daga shirin horar da matasa na ƙasar Amurka, inda dama a layi ɗaya suke wasa, wato rukunin 'yan gaba uku da ke shiga fili tare. Dukansu an zaɓe su a zagayen farko na zaɓen 2023 na NHL, babbar gasar ƙwararru ta Amurka da Kanada: Smith na 4, Leonard na 8, Perreault na 23. Sun tarar da Cutter Gauthier, wanda aka zaɓa na 5 a 2022, ga kuma sabon gola Jacob Fowler. Smith ya gama kakar da maki 71, wato ci da fasin ci a haɗe, ya fi kowa a ƙasa, Gauthier kuma da ci 38, shi ma ya fi kowa. Sun lallasa Boston University 6-2 a wasan ƙarshe na Hockey East, gasar rukunin jami'o'in da BC ke ciki, Smith shi kaɗai ya ci huɗu. A gasar ƙasa sun doke Michigan Tech 6-1, Quinnipiac 5-4 a ƙarin lokaci, Michigan 4-0. Sun isa wasan ƙarshe a St. Paul, ranar 13 ga Afrilun 2024, da nasara 15 a jere.

Abin dubawa shi ne ta yaya waɗannan ƙwallaye suke shiga. Ƙarfin BC yana cikin kai farmaki da gudu. Ɗan baya ya ƙwace fak, ya miƙa shi cikin daƙiƙa ɗaya ko biyu, 'yan gaba uku su ratsa tsakiyar fili a guje, su tsallake shuɗin layi da fak a sanda, mutum uku kan biyu ko biyu kan ɗaya. Daga nan sai a yi fasin da ke tsallaka gaban raga daga gefe zuwa gefe. Wannan fasin shi ne mafi hatsari a hoki, domin gola ya riga ya daidaita jikinsa da mai riƙe da fak, dole ya zame zuwa ɗaya sandar ragar, kuma yana cikin zamewa ƙafafunsa da hammatarsa a buɗe suke. Smith da Perreault gwanayen wannan fasin ne, Leonard da Gauthier kuma ba sa jiran fak ya zauna kafin su harba. Ƙungiyar da ta yarda ta yi tsere da BC, kamar yadda Michigan ta yi, ta shiga uku.

Denver ta koci David Carle ba ta yarda ba. Abin mamaki shi ne ita ce ta fi kowa zura ƙwallaye a ƙasa a wannan kakar, amma da aka shiga gasar sai ta sauya fata: ta doke UMass 2-1, Cornell 2-1, Boston University 2-1, biyu daga ciki a ƙarin lokaci. Wato kafin ta gamu da BC ta riga ta yi wasa uku a jere inda kuskure ɗaya zai kai ta gida. Tsarin da ake bi a hana ƙungiya mai gudu sakewa ba sirri ba ne. Ɗan gaba ɗaya yana matsa wa mai fak, ba don ya ƙwace ba, sai don ya kora shi gefen bango. Sauran biyun suna toshe tsakiya. 'Yan baya kuma ba sa ja da baya da wuri, suna tsayawa kusa da shuɗin layinsu, tazarar da ke tsakaninsu da mai zuwa ba ta wuce tsawon sanda ɗaya ko biyu ba. Tsakanin shuɗayen layukan nan ƙafa 50 ne kawai, in mutum huɗu suka tsaya a ciki da sanduna a ƙasa, babu hanyar fasi. Mai fak ya rage masa zaɓi biyu: ya yi ƙoƙarin yanke mutum a kan layi, wanda in ya rasa fak a nan farmaki zai juyo kansa, ko ya watsa fak can ƙuryar fili ya bi shi a yi kokawa a jikin bango. Zaɓi na biyun aiki ne na ƙarfi da haƙuri, kuma ba shi ne abin da aka gina layin farko na BC a kai ba.

Denver ta ci biyu a zango na biyu, Jared Wright da Rieger Lorenz. Zango na biyu yana da wani abu da mai kallo kan manta: ƙungiyoyi sun yi musayar raga, benci kuma bai motsa ba, don haka bencin kowa ya yi nisa da ragar da yake tsaro. Ɗan bayan da aka tsare a gidansa ba ya iya fita ya huta, daƙiƙa 45 ta koma 80, ƙafa ta yi nauyi. Duk ƙungiyar da ke son riƙe fak a ƙuryar abokan hamayya tana cin ribar wannan zango. Da aka koma 2-0 kuma, Denver ba ta da sauran dalilin tura mutum gaba.

A zango na uku BC ta harba sau 23, Davis ya tare duka, jimilla 35 a wasan. A nan ne masu cewa sa'a suke kafa hujja, kuma ba za a raina hujjar ba. Tsallen da Davis ya yi ya tare harbin Leonard, raga a buɗe, irin abin da ake yi sau ɗaya ne a shekara. Golan da ke tare kashi 91 cikin 100 na harbi, in aka harba masa 35, a lissafi ƙwallo uku ake sa ran za su wuce shi. Sai dai yawan harbi yana ruɗin mutane. Harbin da aka yi daga kusa da bango ko daga shuɗin layi, gola yana kallonsa tun daga sanda har zuwa ƙirjinsa, kusan kyauta ne a wannan mataki. Abin da ke cin gola mai zafi abu uku ne: a tsaya masa a gaba har ya kasa ganin fak, a karkatar da fak da sanda yana cikin tafiya, ko a kasance a wurin lokacin da fak ya dawo daga jikinsa. Duka ukun a wuri ɗaya ake yinsu, cikin ƙafa 10 zuwa 15 na gaban raga, inda ake shan sanda a baya da gwiwar hannu a haƙarƙari. 'Yan bayan Denver sun riƙe wannan wurin, harbi na farko Davis ya gani, na biyu kuma an share kafin ya zo. Wannan ne karo na farko a duk kakar da BC ta tashi wasa ba ta ci ko ɗaya ba, Denver kuma ta ɗauki kofinta na 10, wanda ya fi na kowace makaranta a lokacin.

Da a ce sau ɗaya abin ya faru, da sai a yi shiru. Kakar da ta biyo baya ce ta sa nake ganin akwai matsala a ginin ƙungiyar. Smith ya tafi San Jose, Gauthier ya tafi Anaheim, duka ƙungiyoyin NHL, James Hagens ya shigo tsakanin Leonard da Perreault. BC ta sake gama kakar Hockey East a sama, Leonard ya ci 30, Fowler ya ɗaga yawan harbin da yake tarewa daga kashi 92.6 zuwa 94 cikin 100 har ya karɓi kyautar Mike Richter ta golan da ya fi kowa a jami'o'i. To amma dubi wasannin da in ka faɗi shi ke nan. Wasan ƙarshe na Beanpot, gasar jami'o'i huɗu na yankin Boston, a Fabrairun 2025: Boston University 4, BC 1. Zagayen 'yan takwas na Hockey East, a gida: Northeastern 3, BC 1. Wasan neman gurbin Frozen Four, wato zagayen 'yan huɗu na gasar ƙasa, a Manchester ta Amurka: Denver 3, BC 1. Ko Bentley, wadda wannan ne zuwanta na farko gasar ƙasa, ta riƙe su kunnen doki har dab da tashi kafin Hagens ya raba gardama. Wasa ukun da aka faɗi, gola uku daban-daban, ci ɗaya-ɗaya. Ba za a ce duk Davis ne ba.

Laifin ba na tsaro ba ne, kuma ba na Fowler ba ne ko kaɗan. Matsalar ita ce in aka rufe layin farko, babu hanya ta biyu ta cin ƙwallo. Kocin da ke fuskantar BC aikinsa a bayyane yake: ya ajiye 'yan bayansa biyu mafi ƙarfi da layin da ya fi iya tsaro, duk lokacin da Leonard ya taka ƙanƙara su ma su taka. Ya kuma hana yaransa yin laifi, domin minti biyun da ake fitar da mai laifi, a koma mutum biyar kan huɗu, shi ne lokacin da waɗannan taurari ke samun sararin da aka hana su. Alƙalan wasa kuma, kowa ya sani, sukan rage busa a irin waɗannan wasanni. In layi na uku da na huɗu ba sa iya riƙe fak a ƙuryar abokan hamayya na daƙiƙa 30, su gajiyar da 'yan baya, su jawo laifi, to taurarin kullum da hutattun mutane suke karawa.

Akwai kuma batun shekaru. A hokin jami'a ba kowa ke shiga aji ɗaya yana ɗan 18 ba. Da yawa sukan yi shekara biyu ko uku a gasannin matasa irin su USHL, su shigo suna 20 ko 21, su gama suna 24. Ƙungiyar da ta dogara da waɗanda NHL ta zaɓa a zagayen farko tana samunsu suna 18, kuma shekara ɗaya ko biyu kawai take morarsu. Leonard, Perreault da Fowler duk sun sa hannu a ƙungiyoyin ƙwararru kwanaki kaɗan bayan faɗuwar Manchester. Ɗan shekara 19 yana iya fin ɗan 23 hannu da ido, amma a kokawar jikin bango nauyi da ƙwarewa ne ke magana. Quinnipiac da ta ci kofi a 2023 da Western Michigan da ta ci a 2025 ba su kai BC manyan sunaye ba, abin da suke da shi layuka huɗu ne da koci zai iya turawa ba tare da fargaba ba.

Ba na cewa Brown ya daina ɗauko taurari, hakan wauta ce, kuma kocin da ya ci wasa 34 a kakarsa ta biyu ya cancanci a ba shi uzuri. Gyaran da ake buƙata ƙarami ne amma mai tsada. Ana buƙatar ɗan tsakiya babba, ɗan aji uku ko huɗu, mai cin fiye da rabin jefa fak ɗin da alƙali ke yi tsakanin mutum biyu don a ci gaba da wasa, domin a minti biyun ƙarshe, an cire gola an ƙara ɗan gaba, duk jefawar da aka rasa tana cin daƙiƙa 15 zuwa 20. Ana buƙatar aƙalla mutum ɗaya a kowane layi wanda aikinsa tsayawa a gaban gola ne. Ana kuma buƙatar 'yan baya masu harbi ƙasa-ƙasa, daidai ƙafar gola, don fak ya dawo fili, maimakon harbin sama da gola ke cafkewa da safar hannu wasa ya tsaya.

Kasuwar 'yan wasa ma ta canza. A Nuwamban 2024 NCAA ta amince 'yan manyan gasannin matasa na Kanada, wato CHL, su shiga jami'a daga watan Agustan 2025, abin da a da aka haramta. Matashin tauraro Gavin McKenna ya zaɓi jami'ar Penn State a 2025, kuma a lokacin kowa sunansa yake ambata. Amma ga ƙungiya irin BC, waɗanda suka fi amfani a wannan sabuwar ƙofa su ne 'yan shekara 20 da suka riga suka yi kaka uku ko huɗu suna buga wasa sama da 60 a shekara, suka saba da jerin wasannin kifuwar kwarya.  Mai son sanin ko an gyara ramin, ya daina ƙirga yawan harbi a allon Conte Forum, filin gidan BC, ya ƙirga ƙwallayen da layi na uku da na huɗu suka ci, da kuma sau nawa BC ta yi nasara a wasan da aka tashi 2-1.