Sun ce modem ɗina ya tsufa, ashe matsalar tana bayan kabad

Modem ɗin gidanmu a nan Bronx, wato na'urar da ke karɓo intanet ta wayar kebul, irin DOCSIS 3.0 ne (DOCSIS sunan tsarin da irin waɗannan na'urori ke aiki da shi ne), mai tasha takwas ta saukowar bayanai da huɗu ta hawa. Na saye shi ne don in huta da kuɗin hayar da kamfanin intanet ke laftawa duk wata, kuma tuni ya mayar da kuɗinsa. Da sanyin bara ya fara rigima. Intanet ta ɗauke, fitilu su yi ta ƙiftawa, can kuma ta dawo. Uwargida na tsaka da gaisawa da Hajiya a WhatsApp sai hoto ya daskare. "Baban yara, don Allah ka sayo sabo mu huta," abin da nake ji ke nan kullum.

Na kira kamfani. Wanda ya ɗauka bai ko duba layina ba, yana jin lambar na'urar ya ce ta tsufa: ko in sayi 3.1, ko in karɓi tasu haya. Ta wani ɓangaren yana da gaskiya, don tun 2006 aka fitar da tsarin 3.0, shi kuma 3.1 ya zo a 2013. Amma tsufa daban, lalacewa daban. Har na zaɓi wani na kusan dala 170, saura in biya, sai na ce bari in leƙa shafin modem ɗin tukuna, wato adireshin 192.168.100.1 da ake buɗewa a burauza.

Ƙarfin siginar da ke saukowa yana wajen -11 dBmV (ma'aunin ƙarfin sigina ke nan), alhali ana so ya tsaya tsakanin -7 da +7. Na hawa kuwa ya kai 54, ga T3 timeout, wato alamar modem ya kira kamfani bai samu amsa ba, sun cika rajista. Ma'ana modem ɗin ƙwala kira yake da iya ƙarfinsa, kamar wanda ya faɗa rijiya, kamfanin kuma da ƙyar yake jin sa.

Na bi wayar da hannu tun daga inda ta shigo gidan. Kusa da ƙofa na tarar da sifilita, wato ɗan ƙarfen da ke raba waya ɗaya zuwa da yawa, mai baki biyu. Bayan kabad ɗin talabijin kuma ga wata mai baki huɗu, ƙura ta lulluɓe ta, an shafe rabinta da fenti, bakuna uku a buɗe ba komai a jikinsu. Aikin wanda ya zauna kafin mu ne, mu ko akwatin kebul ba mu da shi. Mai baki biyu tana cin wajen 3.5 dB na ƙarfin sigina, mai huɗu tana cin 7. Na cire su duka, na haɗa wayoyin da ɗan mahaɗin da ake sayarwa 'yan daloli, na ɗaure tam. Saukowa ya koma kusan sifiri, hawa ya sauko 43. Tun daga ranar bai sake ɗaukewa ba.

Abin da har yanzu yake ci mini rai shi ne, da na bi maganar mutumin nan, kan wannan wayar dai zan jona sabon, sifilitocin nan biyu suna nan zaune. Dala 170! Kuma lambobin da na gani, su ma suna ganin su daga ofishinsu.

Ba na cewa kowa ya rungume tsohon modem. Irin nawa iyakar gudunsa 343 Mbps, a takarda ma ke nan. Ni kuɗin gudun 200 Mbps nake biya, ya ishe ni. Wanda ke biyan na 500 ko gigabit (wato 1,000) da irin wannan na'ura, kuɗinsa yake zubarwa, ya nemi 3.1 kawai. Haka in kamfani ya cire shi daga jerin waɗanda ya amince da su, to magana ta ƙare, tunda ko kai ka saya, su ke tura masa sabuwar manhaja. Ranar da suka cire nawa zan canza, bayan na duba jerin nasu. Amma in ɗaukewa ce kawai ke damun ka, buɗe shafin nan, sannan ka ja kabad ka ga abin da ke bayansa kafin ka ciro kati.