"Umma, likita ce?"

Ran Talatar nan na kai 'yata asibitin Ƙofar Gayan a Zariya, zazzaɓi ya hana ta barci. Muna shiga ta tsaya tana haɗa baƙaƙen allon bakin ƙofa, irin na mai sabon koyon karatu. Da muka zauna a benci sai ta ce, "Umma, wace ce Gambo Sawaba? Likita ce?"

Kunya ta kama ni. Yarinya haifaffiyar Zariya, kuma ban taɓa ba ta labarin ba.

Sunanta na yanka Hajaratu, Gambo kuwa don ta biyo bayan tagwaye ne, a 1933. Mahaifinta mutumin Gana ne, mahaifiyarta Banufiya. Tana shekara 13 aka yi mata aure, tana 17 ta shiga NEPU ta su Malam Aminu Kano, a zamanin da namiji ma sai ya waiwaya kafin ya ambaci sunan jam'iyyar. Daga taken NEPU ɗin sunan Sawaba ya bi ta, kuma ita ta jagoranci matan jam'iyyar a Sabon Garin Zariya.

Kakata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa zuwa lacca ba, tana kulle. To irin su ne Gambo ke bi har cikin gida tana yi musu maganar auren wuri, da karatun 'ya mace, da ƙuri'a. Wannan ne ya jawo mata. A Kano aka fara kama ta wai ta tara mata babu izini, daga baya ma aka kore ta daga garin. Sau 16 tana shiga kurkuku. Duka kam ta sha, har kai aka aske mata don a wulaƙanta ta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne zaɓen 1959: matan Kudu suna layi, namu suna gida. Sai 1976 aka ba matan Arewa ƙuri'a. Mahaifiyata a 1979 ta fara dangwalawa, ta ce ranar ta ƙi wanke tawadar da ke babban yatsanta sai da la'asar ta tilasta mata alwala. A jamhuriya ta biyun nan Gambo ba ta bi Malam zuwa PRP ba, GNPP ta Waziri Ibrahim ta shiga, har ta zama mataimakiyar shugabanta. Ta rasu a Oktoban 2001.

Duk wannan ban gama faɗa ba 'yata ta katse ni, ido waje: "Sau sha shida? Me ta sata?"

Na buɗe baki ke nan aka kira sunanmu.